Ƙananan wayoyin da can da manyan wayoyin yanzu: tambayoyi da amsoshi

Ni dai ina cikin masu son wayar da hannu ɗaya zai riƙe ya sarrafa, kuma da yake mutane sun san ni da wannan ra'ayin kusan kullum sai an samu wanda ya tambaye ni wace zai siya, ko me yasa kamfanoni suka daina yin irinsu. Shi yasa na tattara tambayoyin da aka fi yi min na amsa su wuri ɗaya.

Wace ƙaramar waya kake nufi, mai maballi ko ta shafa?

Ta shafa nake nufi, wadda zaka yi WhatsApp da ita ka buɗe manhajar banki ka ɗauki hoto, amma jikinta bai kai na wayoyin yanzu ba. Masu maballi irin su Nokia 3310 da ta fito a 2000 da Nokia 1100 mai tocila ta 2003, waɗanda muka fara riƙewa bayan shigowar GSM Najeriya a 2001, su nasu zancen daban ne, zan taɓo su can ƙasa.

Wai da gaske wayoyin sun ƙara girma ne ko kuwa idonmu ne kawai?

Sun ƙara mana, kuma ba kaɗan ba. iPhone 4 ta 2010 sikirin ɗinta inci 3.5 ne. iPhone 5 ta zo a 2012 da inci 4. A tsakaninsu ne a 2011 Samsung ta fito da Galaxy Note ta farko mai inci 5.3, kuma a lokacin dariya aka dinga yi mata wai wa zai kara wannan faifan a kunne, alhali yau da zaka ga waya mai inci 5.3 cewa zaka yi 'yar ƙarama ce. Shi kansa Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple mai yin iPhone, a 2010 ya kushe manyan wayoyin Android yana cewa hannu baya iya zagaye su kuma ba mai siya, amma a 2014 bayan rasuwarsa kamfanin nasa ya fito da iPhone 6 mai inci 4.7 da 6 Plus mai 5.5 kuma suka samu karɓuwar da ba a taɓa gani ba. Daga nan fa shikenan aka buɗe ƙofa. iPhone 16 Pro Max inci 6.9 ce, su kuma Tecno da Infinix da itel da suka cika kasuwanninmu yawancinsu tsakanin 6.6 zuwa 6.8 suke, har masu arhar ciki.

Toh inci nawa ne za a ce waya ƙarama ce?

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kuma sikirin kaɗai ake aunawa banda jikin wayar. Wayoyin da suna da baƙin fili sama da ƙasa inda maballin tsakiya yake, na yanzu kuma sikirin ya cinye gaban gaba ɗaya sannan an ƙara musu tsawo. Shi yasa iPhone 13 mini mai inci 5.4 ta fi iPhone SE ta 2020 mai inci 4.7 ƙanƙanta a hannu, duk da cewa a takarda kamar akasin haka ne.

Abin da ya kamata ka duba shi ne faɗi, don shi ne hannu yake ji. SE ta farko ta 2016 faɗinta bai kai milimita 59 ba, 13 mini wajen 64, SE ta 2020 da ta 2022 wajen 67, su Pro Max kuma sun haura 77. A nawa hannun duk abin da ya wuce 70 babban yatsa ya daina kaiwa ɗaya gefen sai na karkata wayar ko na kawo ɗaya hannun. Sai nauyi, SE ta 2016 giram 113 ce, 13 mini wajen 140, amma 14 Pro Max giram 240, ka ɗora mata riga mai kauri kuma ka ji yadda aljihun kaftani zai dinga rinjaya gefe ɗaya.

Me mutane suke gani a jikin ƙaramar waya da har suke nacewa haka?

Hannu ɗaya, wannan shi ne babban dalili kuma wanda bai taɓa riƙe ta ba ba lallai ya gane ba. Kana cikin adaidaita sahu hannu ɗaya ya riƙe ƙarfe, ko kin goya yaro ga leda a hannu, ko kana shago kana miƙa wa mutum kaya kana so ka duba ko alat ya shigo, da ƙaramar waya babban yatsa kaɗai ya isa ya buɗe ya duba ya rufe. Da babba kuwa dole ka ɗora gindinta kan ƙaramin yatsa kana lallaɓawa, kuma a irin wannan lallaɓawar ce take suɓucewa ta faɗi da fuska, kowa ya san kuɗin canjin sikirin yanzu ba wasa ba ne.

Akwai kuma maganar aljihu. Aljihun gaba na riga 'yar shara ko na kaftani ba a ɗinka shi don waya mai tsawon santimita 16 ba, kana sunkuyawa alwala zata zamo. Mata kuma yawancin ɗinkinsu ma babu aljihu, ƙaramar jakar biki ba ta ɗaukar babbar waya sai dai a riƙe ta a hannu kowa yana gani.

Sannan akwai abin da ni na fi damuwa da shi, ƙaramar waya bata cika janka ka zauna kanta ba. Kallon bidiyo a kan inci 5 ba daɗi sosai, saboda haka kana gama abin da ya kawo ka zaka mayar da ita aljihu. Wasu a wajensu wannan aibi ne, ni a wajena alheri ne wallahi, don na ga yadda ake zama a majalisa mutum shida kowa kansa a sunkuye har a tashi ba a yi hirar kirki ba.

Wasu kuma ba girman kaɗai suke kewa ba, tsarin da ne gaba ɗaya, ramin iyafis da Apple ta cire tun daga iPhone 7 a 2016, maballin tsakiya mai karanta yatsa, da batirin da zaka buɗe baya ka cire da kanka ka sa wani kamar yadda ake yi da tsofaffin Samsung da Tecno.

Idan har ana sonsu haka me yasa kamfanoni suka daina yi?

Saboda masu faɗa da baki sun fi masu zuwa su biya yawa, gaskiyar kenan ko da bata min daɗi. Apple ta gwada sau biyu da gaske, 12 mini a 2020 da 13 mini a 2021, kuma ba rage musu ƙarfi aka yi ba, injin da ke cikin manyan shi ne a cikinsu. Duk da haka ba su yi kasuwa kamar sauran ba, a 2022 aka maye gurbin mini da 14 Plus mai inci 6.7, a 2023 kuma aka daina sayar da 13 mini ɗin gaba ɗaya. SE ma da ta rage an rufe babinta a farkon 2025 da aka fito da 16e mai inci 6.1. Sony ta yi jerin Xperia Compact na 'yan shekaru ta bari. Asus ta yi Zenfone 9 da Zenfone 10 masu inci 5.9, mutane suka yaba sosai, ta gaba da ta biyo baya a 2024 sai gata ta kusa inci 6.8.

Dalilan kuma a bayyane suke. Ga mafi yawan mutane musamman a nan wajenmu waya ita ce talabijin ita ce kwamfuta ita ce komai, a kanta ake kallon fim da ƙwallo da wa'azi, a kanta ɗalibi yake karanta handawut, toh wanda waya ɗaya tal zai iya siya dole ya nemi mai faɗi. Na biyu batir, babban jiki shi ke ɗaukar babban batir. Na uku kyamarorin yanzu guda uku uku suna buƙatar wuri, ga zafi da injin yake fitarwa wanda ƙaramin jiki baya iya watsar da shi da sauri. Sannan matse kaya masu ƙarfi cikin ƙaramin jiki ba arha gare shi ba, amma mai siya idan ya ga ƙarama sai ya sa ran ta fi arha, kaga an samu saɓani tun daga nan. Mu kanmu a kasuwa idan aka ajiye wa mutum biyu kuɗi ɗaya babbar yake ɗauka don yana ganin ita ce ta ci kuɗinta.

Batir fa? An ce ƙananan basa riƙe caji.

Ba ƙarya aka yi ba, kuma ba zan ɓoye maka don ina sonsu ba. SE ta 2016 batirinta wajen 1,600mAh ne, SE ta 2022 wajen 2,000, 12 mini wajen 2,200, 13 mini wajen 2,400. Ita kuwa Tecno ko Infinix ta talaka 5,000 take zuwa da shi. Eh iPhone ta fi iya tattalin wuta kuma ƙaramin sikirin baya sha kamar babba, saboda haka ba a kwatanta lambobin kai tsaye, amma duk da haka tazarar tana nan, kuma a garin da za a ɗauke wuta tun safe ba a san ranar dawowarta ba wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Ƙari a kan haka duk wadda zaka samu yanzu ta hannu ce, batirin ya riga ya sha aiki. Apple da kanta ta ce batirin waɗannan wayoyin an yi shi ne ya rage wajen kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma zafi yana ƙara kashe shi, ita wayar an tsara ta ne ta yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ana haura 40 cikin sauƙi. Don haka kar ka bar ta kan dashbod ɗin mota, kar ka dinga kallo tana jone a caji, kuma in zaka kai ta wajen masu caji ka tafi da cajarka.

Idan aikinka kira ne da WhatsApp da taransifa, 13 mini mai lafiyayyen batir zata kai ka dare. Idan kai ɗan TikTok ne ko kana kunna hotspot wuni guda toh ka haɗa da fawa banki, ko kuma ka haƙura da ƙarama kawai, don ɗaukar ƙaramar waya da ƙaton fawa banki a ɗaya aljihun an koma gidan jiya.

Na ga iPhone 5s da 6 da arha sosai, in siya?

A'a, don Allah kar ka siya. Na san 5s tana da kyau a hannu, ni ma har yau ina ganin ba a yi wayar da ta kai ta kyan ƙira ba, amma ita da 6 da 6 Plus sun tsaya a iOS 12, wato siga ta 12 ta babbar manhajar da ke tafiyar da iPhone, kuma tun 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan duk iPhone da bata kai iOS 15.1 ba. Manhajojin banki ma haka suke yi, a hankali suna ɗaga mafi ƙarancin sigar da suke karɓa. SE ta 2016 da 6s da 7 sun tsaya a iOS 15, wato suna bakin layi, kowane lokaci za a iya cewa an wuce su. iPhone 8 ta tsaya a iOS 16. Wayar da ta daina samun sabuntawa ba wai manhaja kaɗai zata rasa ba, ramukan tsaro da ake ganowa ma ba lallai a toshe mata ba, kuma a cikinta kake ajiye kuɗinka.

Toh wacce zan nema a ɓangaren iPhone?

13 mini, in dai aljihu zai iya. Batirinta ya fi na 12 mini a fili, tana farawa daga 128GB, tana da 5G, kuma har iOS 26 ta samu. 12 mini ita ma ba laifi kuma ta fi sauƙin kuɗi amma batirin ne matsalarta tun tana sabuwa, balle yanzu, kuma akwai mai 64GB wadda bidiyoyin guruf ɗin dangi kaɗai zasu cika ta. SE ta 2022 injinta ɗaya da 13 mini wato A15, ta dace da mai son maballin tsakiya da buɗewa da yatsa, sai dai kyamara ɗaya ce kuma bata da yanayin ɗaukar hoton dare. Dukkansu cajar Lightning suke amfani da ita, USB-C sai daga iPhone 15.

Ni ɗan Android ne, ba abin da ya rage mana?

Kaɗan ne gaskiya. Mafi sauƙin samu su ne ƙananan cikin jerin Galaxy S, wato S22 da S23 masu inci 6.1 da S24 da S25 masu 6.2, faɗinsu wajen milimita 70 zuwa 71, ba ƙanana ba ne can amma idan ka saba da Infinix ka riƙe S23 zaka ji bambanci nan take. A cikinsu S22 ce mai raunin batir, S23 ta fi ta sosai, S24 kuma Samsung ta yi mata alƙawarin sabuntawa na shekara 7. Zenfone 10 ta fi su ƙanƙanta kuma tana da ramin iyafis, amma samunta a nan da wuya kuma in sikirin ya fashe zaka zagaye kasuwar waya ta Farm Centre a Kano kafin ka samu mai shi, wataƙila sai an aiko daga Computer Village ta Ikeja ko daga waje. Galaxy S10e ta 2019 da Pixel 4a ta 2020 masu inci 5.8 sun yi daɗin riƙewa a zamaninsu amma duk sun daina samun sabuntawa.

Waɗannan 'yan mitsi-mitsin marasa suna da ake tallatawa masu kama da iPhone a jiki kuma Android a ciki, kayan wasa ne, kar ka sa layin bankinka a ciki.

Layi biyu nake amfani da su, ya zan yi?

Mini da SE na 2020 da 2022 ramin sim ɗaya gare su sai eSIM, wato layin da ake saka wa waya ba tare da katin sim ba, kuma MTN da Airtel suna bayar da eSIM a ofisoshinsu, sai ka mayar da layi ɗaya can. SE ta 2016 layi ɗaya ce kawai. Su Galaxy S kuma ya danganta da ƙasar da aka yi wa wayar, na Amurka yawanci rami ɗaya ne, saboda haka ka sa a zaro tiren a gabanka ka gani.

Me zan duba kafin in biya kuɗin ta hannu?

Kar ka yi sauri ko da mai shagon yana ce maka wani na zuwa ɗauka. Ka fara da iCloud, a goge wayar a gabanka a kunna ta daga farko, in ta nemi akawun ɗin wani ka ajiye ta ka tafi. Ka danna *#06# ka ga IMEI, wato lambar shaidar wayar, ya yi daidai da wanda ke cikin Settings. Ka shiga Battery Health, in ya yi ƙasa da 85 ka sa kuɗin canjin batir cikin lissafi, in kuma ka ga 100 a wayar da ta shekara huɗu toh ko an canza batirin ko an yi masa dabara, ka tambaya. A cikin About na Settings, mini tana nuna ko an canza mata sikirin ko batir ko kyamara da wanda ba na asali ba. In mini ce ka gwada Face ID da fuskarka, ka duba True Tone mai daidaita launin sikirin da hasken wuri yana nan, ka sa layinka ka yi kira ka ji sifika da makirfo, ka tabbatar ba a kulle take da wani kamfanin layi na waje ba don akwai waɗanda ake liƙa musu wani siririn cip a ƙarƙashin sim, suna aiki yau gobe su ɗauke sabis. Sannan ka karɓi rasit mai ɗauke da IMEI da sunan shago, wannan ba don garanti kaɗai ba, wayar sata tana iya kai mutumin kirki ofishin 'yan sanda.

Mahaifina nake so in siya wa, ƙarama zata yi masa?

In idonsa ya fara rauni ka siya masa mai faɗi ka ƙara girman rubutu, zai fi jin daɗin karatun Alƙur'ani da saƙonni a kai. Ra'ayina na son ƙarama bai kai in sa dattijo yana matse ido ba.

Masu naɗewa irin Galaxy Z Flip fa, ba su magance matsalar ba?

Rabi suka magance. A aljihu ƙarama ce, amma kana buɗe ta ta koma wajen inci 6.7, hannu ɗaya dai bai isa ba. Ga tsada, ga layin naɗin da ke tsakiya, sannan ina jin tsoron ƙurar hunturu a kan wannan mahaɗin nata da take naɗewa ta kansa, kuma gyaran sikirin ɗinta ba kowane mai gyara ne yake taɓawa ba.

Babba ce a hannuna kuma ba halin canzawa, akwai dabara?

Akwai. A iPhone ka kunna Reachability, kana jan ƙasan sikirin sai saman ya sauko inda yatsa zai kai. Android tun daga siga ta 12 tana da yanayin hannu ɗaya, Samsung da Tecno da Infinix ma suna da nasu a cikin Settings. Kibod ɗin Gboard ana iya matse shi gefen dama ko hagu. Ka sauko da manhajojin da ka fi buɗewa layin ƙasa, ka cire wannan ƙatuwar rigar mai kamar tayar mota ka sa siririya, in so samu ne mai zobe a baya da zaka zura yatsa.

Mutane da yawa suna riƙe biyu, babba da 'yar Nokia, hakan ya fi?

Ga mutane da yawa eh. Mai maballi irin Nokia 105 ko itel tana yin kwanaki ba caji, ana taransifa da ita ta USSD ba sai da data ba, kuma a wuraren da ƙwacen waya ya yi yawa mutane suna fita da ita da daddare su bar babbar a gida. Abu ɗaya zan ja kunne a kai, in layin da ke haɗe da bankinka ne a cikinta ka sa wa sim ɗin PIN, domin ɓarawo ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake nema, zai zare shi ya sa a wata wayar ya fara gwada lambobin banki. Ana sa PIN ɗin ne a saitin tsaro na wayar, kuma ka adana lambar PUK da ke jikin katin da sim ɗin ya zo a ciki, don in ka yi kuskure sau uku ita za a tambaye ka.